An Yi Mini Addu'a, In Daina Shan Magani?

Wata Litinin da sassafe, ko kayan awo ban gama jerawa ba, aka shigo mana da wata dattijuwa a bayan tasi daga wajen Aboabo. 'Ya'yanta biyu ne suka tallabo ta. Bakinta ya karkace gefe ɗaya, hannun dama ya saki, magana ba ta fita sai gurnani. Na san ta sarai. Mai koko da ƙosai ce, mace mai barkwanci, ba ta fashin taron zumuntar mata a ikkilisiyarsu, kuma shekara huɗu tana zuwa wurinmu karɓar maganin hawan jini. Da na buɗe katinta sai na ga wata biyar rabonta da mu. Na ɗaura mata abin awo, jini ya hau ya wuce 200.

Na ja babbar 'yar gefe na tambaye ta me ya faru. Ta sunkuyar da kai ta ce, "Anti Nas, ai an yi wa Mma addu'a a wani taro, aka ce ta warke. Mai wa'azin ya ce duk wanda ya ba da gaskiya ya kawo ƙwayoyinsa gaban jama'a ya zubar. Ita ce ta fara fitowa."

Muka tura ta babban asibitin Komfo Anokye a ranar. Allah ya yi da sauran kwana, ta rayu. Yanzu tana takawa da sanda, amma hannun da take juya koko da shi bai dawo ba.

Tun daga ranar nake so in rubuta wannan. Tambayar da ke kan ɗan littafin nan ana yi mini ita kusan kowane mako, a ɗakin awo, a bakin coci, har a cikin trotro. Masu tambayar ba wawaye ba ne. Mutane ne masu tsoron Allah, suna gudun kada shan ƙwaya ya zama alamar shakka a gabansa. An kuma karanta musu labarin ikkilisiyar farko, inda guragu suka tashi, aka ce musu ga yadda bangaskiya take. Ni ba fasto ba ce, jinya na koya. Amma ni ma ina da Littafi Mai Tsarki a gida, don haka ku zo mu buɗe labarin nan tare, mu bi shi a hankali.

Mutumin da ke bakin ƙofa

Labarin yana cikin Ayyukan Manzanni, sura 3 da ta 4. A Urushalima akwai wani gurgu, da gurguntarsa aka haife shi, ya kuma haura shekara 40. Kowace rana akan ɗauko shi a ajiye a ƙofar Haikali da ake kira Kyakkyawa, don ya yi bara. Duk wanda ya taɓa wucewa ta Kejetia ko ta ƙofar babban masallaci ran Juma'a ya san irin wannan zama. Mutane suna jefa abin da suka jefa, ba mai duban fuskarsa.

Wata rana da ƙarfe uku na yamma, lokacin addu'a, Bitrus da Yohanna suka zo shiga. Ya miƙa hannu. Bitrus ya tsaya, ya zuba masa ido, ya ce shi ma ya dube su. Ya gaya masa ba shi da ko pesuwa ɗaya da zai ba shi, sannan ya umarce shi da sunan Yesu Banazare ya tashi ya yi tafiya. Bai tsaya a magana ba, ya kama hannunsa na dama ya ɗaga shi. Nan take ƙafafunsa da idon sawunsa suka yi ƙarfi, ya shiga Haikali yana tsalle yana yabon Allah.

Wanda ya rubuta mana labarin nan Luka ne, shi ne Bulus ya kira ƙaunataccen likita a wasiƙarsa ga Kolosiyawa. Duk sa'ad da na karanta nakan ga hannun mai aikin asibiti a ciki. Ya faɗi tun yaushe ciwon yake, ya faɗi shekarun majinyacin, ya faɗi gaɓar da ta warke. Haka ya yi da Iniyasu na garin Lidda, ya ce shekara 8 yana kwance a shanye. Haka ya yi da mahaifin shugaban tsibirin Malita, ya ce zazzaɓi ne da atuni. Kamar kati yake cikawa. Allah kuwa bai ga laifin ɗaukar likita ya sa shi rubuta littattafai biyu na Sabon Alkawari ba.

Akwai abin da nake so ku riƙe a nan. Warkewar mutumin nan kowa yana iya dubawa. Garin duka ya san shi, shekara da shekaru ana tsallake ƙafafunsa a ƙofa. Washegari da aka gurfanar da manzannin a gaban majalisar Hanana da Kayafa, yana tsaye a gefensu da ƙafafunsa, har maƙiyan suka rasa ta cewa, suka yarda a tsakaninsu cewa abin ba ya musuntuwa. Gani ya kori ji. Yesu kansa da ya warkar da kutare, wurin firist ya aike su a duba jikinsu, domin a zamanin firist ne yake tabbatar da cewa kuturu ya tsarkaka. To in an yi miki addu'a, 'yar'uwa, kin kuma ji sauƙi a jikinki, mun gode wa Allah. Ki zo mu ɗaura abin awo. In warkewar gaskiya ce, awo zai shaida ta, mu yi murna tare. Wanda ya hana ki zuwa a duba, ki tambayi kanki me yake tsoro.

Hawan jini kuwa shi ya fi kowane ciwo yaudara a wannan wajen, domin yawanci ba ya ciwo. Mutum yana yawo da jini sama da 140 bisa 90 shekara da shekaru yana jin garau, alhali jijiyoyin ƙwaƙwalwa da ƙoda da zuciya suna lalacewa a ɓoye. Mma ta ji daɗin jikinta ƙwarai a watanni biyar ɗin nan. Jin daɗin ne ya tabbatar mata ta warke.

Ba kuɗi, ba kirari

Da jama'a suka taru a shirayin Sulemanu suna kallon Bitrus kamar wani waliyyi, nan da nan ya ture yabon. Ya ce su daina kallonsu sai ka ce ikonsu ko tsoron Allahnsu ne ya tayar da mutumin. Ya nuna musu Yesu. Daga baya a Samariya wani mai sihiri, Siman, ya kawo kuɗi yana so ya sayi baiwar Allah, Bitrus ya tsawata masa tsawa mai zafi. Wannan yana cikin sura 8.

Ba na so in zagi kowa. Akwai bayin Allah na gaskiya masu addu'a a ƙasar nan, na san waɗansunsu, sukan rako majinyata har ƙofarmu su zauna a benci su jira. Amma na kuma ga mutumin da ya sayar da buhun masararsa uku ya sayi kwalbar mai da ruwan albarka, katin inshorarsa kuwa ya mutu shekara biyu bai sabunta ba. Kuɗin sabuntawar bai kai na kwalba ɗaya ba. A duk littafin Ayyukan Manzanni ba za ka sami manzon da ya karɓi kuɗi kafin ya ɗora wa mara lafiya hannu ba.

Abin da suka roƙa

An tsare Bitrus da Yohanna kwana ɗaya. Sadukiyawa ne suka fi fusata, don ba su yarda da tashin matattu ba, manzannin kuwa shi suke shela. A majalisa aka yi mamakinsu: talakawa ne, masunta, ba su yi karatu a gaban manyan malamai ba, amma suna magana gabagaɗi. Aka ja musu kunne kada su ƙara ambaton sunan Yesu. Suka amsa cewa abin da suka gani suka kuma ji ba zai yiwu su yi shiru a kansa ba.

Da aka sake su suka koma wurin 'yan'uwa, aka haɗa murya aka yi addu'a. Ku karanta addu'ar nan a ƙarshen sura 4, za ku yi mamaki. Ba su roƙi wuta ta cinye maƙiyansu ba. Ba su ma roƙi a raba su da wahala ba. Abu biyu suka roƙa: a ba su ƙarfin hali su faɗi Maganar, Allah kuma ya miƙa hannunsa ya warkar. Warkarwar sun bar ta a hannun Allah, ba su sa masa rana ba, ba su gindaya masa sharaɗi ba. Abin da ya biyo baya kuma shi ne suka buɗe aljihunsu. Masu gonaki suka sayar, irin su Barnaba, aka raba wa mabukata, har ba a sami matalauci a cikinsu ba. Da gunaguni ya tashi a kan abincin gwauraye, aka zaɓi mutum 7 musamman don wannan hidima. Masu wa'azin mu'ujiza sukan tsallake wannan shafin.

Waɗanda ba su warke nan take ba

Wannan ma sukan tsallake shi. Bulus, wanda Allah ya warkar da mutane da yawa ta hannunsa, ya rubuta cewa ya bar abokin tafiyarsa Tarofimas a Militas ba shi da lafiya. Abafaroditas, wanda ikkilisiyar Filibi ta aiko ya yi masa hidima, ya yi ciwo har ya kusa mutuwa a gabansa. Timoti yana fama da ciki da yawan laulayi, Bulus bai ce masa bangaskiyarsa ce ta gaza ba, ya ba shi shawarar abin da zai riƙa sha kaɗan saboda cikin, irin maganin da aka sani a lokacin. Bulus kansa sau uku ya roƙi a cire masa wata ƙaya a jikinsa, aka ba shi alheri, ba a cire ba.

Ina dagewa a kan wannan saboda na ga irin nauyin da ake ɗora wa majinyaci. Ciwo yana cinsa, sannan a ce masa laifinsa ne, bai gaskata sosai ba, ko akwai zunubin da yake ɓoyewa. Na taɓa jinyar wata yarinya mai farfaɗiya da aka sa ta azumin kwana bakwai a wani sansanin addu'a, aka ɗaure ƙafarta da sarƙa a jikin itace. Da aka kawo ta, gyambon sarƙar ne muka fara wankewa. Farfaɗiya ciwon ƙwaƙwalwa ce, ba a ɗaukarta ta yawu ko ta taɓawa, kuma yawancin masu ita suna daina faɗuwa in suna shan maganinsu kullum. Ghana tana da dokar lafiyar ƙwaƙwalwa tun 2012, hukuma kuma ta hana ɗaure majinyata da sarƙa. Yarinyar nan yanzu tana koyon ɗinki. Uwarta har yau tana yi mata addu'a kowane dare, tana kuma miƙa mata ƙwayar da ruwa a kofi.

Yaƙub ya ce mara lafiya ya kira dattawan ikkilisiya su yi masa addu'a, su shafa masa mai. Ku kira su, hakkinku ne. Mu ma a nan da addu'a muke buɗe aiki kowace safiya. Amma ku tuna Basamariyen nan na cikin misalin Yesu, da mai da ruwan inabi ya wanke raunukan mutumin da 'yan fashi suka sara, ya ɗaure, ya kai shi masauki, ya biya kuɗin jinya. Yesu ya ce a yi kamarsa.

Daga ina asibiti ya fito?

Bayan manzanni sun shuɗe, ikkilisiya ta ci gaba da addu'a, ta kuma ci gaba da jinya. Wajen shekara ta 250 wata annoba ta mamaye daular Roma, ta yi shekaru tana kisa. A birnin Kartej, a Tunisiya ta yau, mutane suna jefar da 'yan'uwansu a titi don tsoro. Bishop Sifiriyan ya tara masu bi ya ce su kula da marasa lafiya, har da waɗanda suka tsananta musu. A Iskandariya ta Masar, Bishop Diyonisiyus ya rubuta cewa masu bi da yawa sun mutu a wajen jinyar waɗansu. Ba su da allura, ba su da ƙwaya. Ruwa suke bayarwa, da abinci, da wanka, kuma duk wanda ya yi aikin jinya ya san waɗannan kaɗai suna ceton rai da yawa. Wajen shekara ta 370 Bishop Basil ya gina babban gida a bayan garin Kaisariya, a ƙasar Turkiyya ta yau, inda ake kwantar da marasa lafiya da kutare, da masu kula da su. Yana cikin asibitoci na farko da tarihi ya sani.

Mu 'yan Lutheran muna da namu labarin. A 1527 annoba ta shiga Wittenberg a Jamus. Aka kwashe jami'a zuwa wani gari, sarki ya ce Martin Luther ma ya tafi, ya ƙi. Matarsa tana da ciki, duk da haka suka mai da gidansu wurin jinya. Ya rubuta wa wani fasto a Breslau cewa shi zai roƙi Allah tsari, sannan zai tsabtace gida, ya sha magani, ya guji shiga inda ba a bukatarsa don kada ya kwaso ciwo ya raba wa mutane, amma in maƙwabci yana bukatarsa zai je. Ya kuma ce mai ƙin magani yana cewa Allah zai kiyaye shi, gwada Allah yake yi.

Wannan igiyar ce ta iso har nan. Mishan na Basel suka buɗe asibitin Agogo a 1931. A Nijeriya, ikkilisiyar Lutheran ta Numan ta faro ne ta hannun likita, Dokta Niels Brønnum ɗan Denmak, wanda ya isa can a 1913. Asibitocin mishan na Ghana suka haɗa kai a ƙungiya ɗaya, CHAG, a 1967. Waɗanda suka kafa waɗannan wurare mutanen addu'a ne, sun bar ƙasarsu saboda bishara, da akwatin magani kuma suka zo.

Ƙarfin halin da muke bukata yanzu

A Kumasi ba wanda zai kulle ka don ka ambaci sunan Yesu. Maƙwabtanmu Musulmi a Zango muna zaune da su lafiya, tare muke layi a asibiti, su ma sun san addu'a da magani ba kishiyoyi ba ne. To ina gabagaɗin zai yi mana amfani?

A ganina a wajen faɗin gaskiyar ciwo. Ranar wanka ba a ɓoyon cibiya. Mutum yana tari sama da mako biyu, yana ramewa, yana gumin dare, amma ya ɓoye don kada a ce tibi ne, yana kwana ɗaki ɗaya da jikokinsa. Gwajin majina kyauta ne, magani kyauta ne, wata 6 ake sha ba fashi, ana kuma warkewa sarai. Uwa ta ga ɗan kulluto mara zafi a hannun ɗanta, a ƙauyukan Amansie ko Asante Akim inda gyambon Buruli yake, ta rufe shi da tsumma tana cewa jifa ne, sai fata ta zube ya zama gyambo kamar faifai. Alhali in an zo da wuri, ƙwayoyi iri biyu na mako 8 sukan kashe shi. An haifi jariri ƙafarsa a lanƙwashe ciki, a ɓoye shi a ɗaki don kunya. Wannan kam yana taɓa zuciyata, don ina tuna mutumin Kyakkyawar Ƙofa. Ba mu san irin gurguntarsa ba. Amma jaririn da aka haifa da lanƙwasasshiyar ƙafa a yau, in an kawo shi cikin makonnin farko, da filasta ake miƙe ta a hankali mako-mako, sannan ya sa takalmi na musamman, ya tashi yana gudu kamar kowa. Ana yin wannan a Komfo Anokye. Shan inna kuma, wadda ta zaunar da bayin Allah da yawa a bakin hanya, ɗigo biyu a baki ke tare ta. A watan Agusta 2020 aka tabbatar Afirka ta rabu da asalin ƙwayar cutar, amma riga-kafin bai ƙare ba, kada ku rufe ƙofa in masu ɗigo sun zo.

Baba Fasto, da ku dattawa, ku ma akwai naku. Maganarku a kan bagade ta fi tawa nisa. In kun ce a zo awo, za a zo. Ku faɗa a fili cewa mai ciwon suga da ke kan magani kada ya shiga dogon azumi sai ya yi shawara da asibiti, don sugansa yana iya faɗuwa ya suma. Ku faɗa cewa mai shan maganin ƙanjamau ba ya ajiye shi ko da gwaji ya nuna ƙwayar ba ta ganuwa, domin maganin ne ya danne ta, in an daina za ta taso. In kuka ga baki ya karkace, ko hannu ya saki, ko magana ta sarƙe, ku kira 112 ko ku tari mota nan take, a yi addu'ar a cikin mota. Ku kuma sami ƙarfin halin ce wa baƙon mai wa'azi a'a, in ya ce a zubar da ƙwayoyi a cocinku. Zai yi fushi, waɗansu ma za su ce kun hana Ruhu aiki. Bitrus da Yohanna sun ji abin da ya fi wannan.

Ni ma sai da na koyi nawa. A watanni biyar da Mma ta ɓace, na ga gurbinta a littafin masu zuwa karɓar magani, na ce ƙila ta yi tafiya. Gidanta bai kai tafiyar minti ashirin daga nan ba, ban je ba. Yanzu duk wanda ya yi fashin wata biyu, ina aika masa, in bai zo ba in taka da ƙafata.

Makon jiya ta zo awo, jikarta tana riƙe da jakarta. Jinin ya sauko 130 bisa 80. Da na gama rubutawa ta kama hannuna da hannunta na hagu, ta ce cikin maganarta da ta fara dawowa, "'Yata, yi mana addu'a kafin ki ba ni ƙwayoyin." Muka rufe ido muka yi. Sannan na ƙirga mata na wata ɗaya, na rubuta ranar dawowa a katin da manyan baƙaƙe, na nuna wa jikar.